Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan allurar maniyyi cikin ƙwai

'Yan'uwa, maganar da muke yi kan wannan hanyar taimaka wa ma'auratan da ba su samu haihuwa ba ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Aikin kansa: likita ya zaɓi ƙwayar maniyyi ɗaya, ya tura ta da siririyar allura cikin ƙwan da aka ciro daga jikin mace. Bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da abin da ya haɗu cikin mahaifa. A Beljiyam aka fara haihuwa ta wannan hanya, a 1992.

2. Kowa ya yarda miji ya fara gwajin maniyyi, a maimaita idan sakamakon bai yi kyau ba. Aikin ya fi amfani idan maniyyin ya yi ƙaranci ko ba ya motsi. Nan mata suka fi zafi, kuma da gaskiyarsu: mace ta sha saiwa da rubutu shekaru, maigida ko sau ɗaya bai leƙa asibiti ba.

3. Wahalar tana kan mace: allurar yau da kullum ta kusan mako biyu, sannan a ciro ƙwai. Bayan shekara 35 sa'a tana raguwa, kuma ba tabbas a zagayen farko.

4. Addini: ƙwan matar, maniyyin mijinta, aure yana nan. Ba aron ƙwai ko maniyyin wani.

Inda aka rabu: wasu sun ce a tafi Tunisiya ko Abuja kai tsaye, wasu sun ce a gama gwaje-gwaje nan Yamai tukuna, don kuɗin jirgi da masauki su ma kaya ne. Masu son tagwaye sun nemi a mayar da ƙwai biyu cikin mahaifa. Wata ungozoma ta tuna musu haihuwar bakwaini da hawan jini.