Manhajar ɗaukar sauti tana rufe kanta: wace fulogin ce, kuma ta yaya ake kama ta?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga matsalar da nake so mu haɗa gogewarmu a kanta: aiki ya yi nisa, layukan sauti sun yi yawa, kowanne da fulogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a cikin babbar manhajar) biyu ko uku, sai manhajar ta fara rufe kanta, ko ta daskare tana cikin loda aikin, ko sautin ya riƙa ƙaras-ƙaras. Kowa ya faɗi abin da ya gwada ya yi, da dalilinsa. Don Allah ban da "goge kwamfutar ka sake saka Windows". Wannan ƙona rumbu ne saboda ɓera.

Injiniyan situdiyo:
Wa alaikumus salam. Malam, cuta biyu ka haɗa, kuma maganinsu daban. Rufewa da daskarewa galibi daga fulogin ne ko direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da wata na'ura. Ƙaras-ƙaras kuwa kwamfuta ce ta kasa gama lissafi kafin lokaci ya ƙure mata.

A kan rufewa, kada a yi canki-canka, domin kwamfutar tana rubuta sunan mai laifin. A Windows buɗe Event Viewer, shiga Windows Logs, sannan Application, ka nemi kuskuren da ya zo daidai da lokacin rufewar. Duba layin Faulting module name. In sunan da ke wurin na wata fulogin ne, mai ƙarewa da .vst3 ko .dll, ka kama ta. In ka ga nvoglv64.dll, direban katin hoto na Nvidia ne, domin fulogin da yawa da OpenGL, wata hanyar zane ta katin hoto, suke zana fuskarsu, shi ya sa wasu ba sa faɗuwa sai ka buɗe tagarsu. Nan direban hoton za ka sabunta. In kuma ntdll.dll ka gani, bai gaya maka komai ba, a wurin ne kawai abin ya fashe. A Mac rahoton yana cikin Console, ka duba sashen aikin (thread) da aka rubuta cewa shi ya faɗi.

Mai haɗa kiɗa:
In rahoton bai nuna kowa ba, ni rabawa biyu nake yi. Fitar da rabin fulogin ɗin daga foldarsu zuwa wata folda ta wucin gadi, ka buɗe aikin. Ya buɗu? To mai laifin tana cikin waɗanda ka fitar. Bai buɗu ba? Tana cikin waɗanda suka rage. Sake raba wannan rabin biyu. Fulogin 60 ba za su wuce gwaji shida ba. Fulogin nau'in VST3 a Windows suna C:\Program Files\Common Files\VST3, a Mac kuma /Library/Audio/Plug-Ins, inda VST3 ke da foldarsu, nau'in Audio Units na Apple kuma ke cikin Components. Sharaɗi ɗaya: kwafin aikin za ka buɗe, kuma kada ka adana shi alhali fulogin ba sa nan, don kana iya rasa saitinsu.

Malama mai ɗaukar murya:
Ɗan'uwa, hanyarka tana aiki, amma akwai mafi sauƙi kafin a kai ga kwashe fayil. Ya danganta da manhajar da kake aiki da ita. A Reaper, tagar buɗe aiki tana da zaɓin buɗewa da duk fulogin a kashe. Sai ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ta faɗi. In ka gano ta kuma ba ka iya rabuwa da ita, Reaper yana bari ka gudanar da ita a keɓe, ta yadda in ta faɗi ita kaɗai za ta faɗi. A Cubase riƙe Ctrl da Shift da Alt lokacin tashi yana kawo tagar tashi cikin aminci, kuma a duba Blocklist cikin VST Plug-in Manager, nan yake ajiye waɗanda suka kasa cin gwajinsa. Logic yana da Plug-in Manager, a zaɓi wadda ta ƙi a sake tantance ta ita kaɗai.

Mai gyaran kwamfuta:
Abin da na fi gani shi ne tsohuwar fulogin a sabuwar manhaja. Cubase ya daina karɓar fulogin na tsohon tsari, masu bit 32, tun fitowar Cubase 9 a 2016, Ableton Live 10 ya biyo baya a 2018, macOS Catalina kuma ya rufe ƙofar gaba ɗaya a 2019. A Windows ana iya ɗaura su da manhajar gada irin jBridge, amma gadar kanta ƙarin wurin faɗuwa ce. Haka nan Steinberg, kamfanin Cubase, ya daina ba da lasisin VST2, tsohon nau'in da VST3 ya gada, a 2018, don haka in fulogin tana da VST3, ita za a saka. A kula: in tsohon aiki da VST2 aka yi shi, ba kullum manhajar ke gane cewa VST3 ɗin ita ce madadinta ba. Adana saitin tukuna kafin ka cire tsohuwar.

Masu Mac mai furosesan M1 na Apple zuwa sama, fulogin da aka gina don Intel kaɗai tana iya ƙin bayyana sam sai an tashi manhajar ta Rosetta, mai gudanar da manhajojin Intel a sababbin Mac. Masu Windows kuma, fulogin da ta ƙi loduwa ba tare da wani bayani ba sau da yawa Visual C++ Redistributable, wani ƙunshin fayiloli na Microsoft, take nema. Zan kuma faɗi abin da ba a son ji: fulogin da aka fasa lasisinta ba ta gyaruwa. An taɓa cikinta, ba ta samun sabuntawa, kuma ba wanda za ka kai wa ƙara.

Injiniyan situdiyo:
Bari in koma kan ƙaras-ƙaras ɗin. Lissafin bafa ne, wato guntun sautin da kwamfuta ke sarrafawa a karo ɗaya. A 48 kHz, bafa mai 128 tana ba kwamfuta kusan milisakan 2.7 ta gama aikin duk fulogin ɗin. Mai 1024 tana ba ta kusan 21. Lokacin ɗaukar murya a sa 128 ko 256 don mawaƙi kada ya ji muryarsa tana makara, lokacin miksin a ɗaga zuwa 1024. Ikwalaiza mai linear phase da limita mai leƙen gaba suna ƙara jinkiri da kansu, a kashe su har a gama ɗauka. Layin da aka gama da shi a daskarar da shi da umarnin Freeze ko a mayar da shi fayil ɗin sauti. Rivab kuma, wato fulogin amsa-kuwwa, guda ɗaya a layin da sauran layuka ke aika wa sauti ya ishi layuka goma.

Mai haɗa kiɗa:
Yallaɓai, direban sauti na ASIO4ALL fa? Mutane da yawa da shi suke aiki.

Injiniyan situdiyo:
Ga wanda ba shi da katin sauti na waje, yana rufa asiri. Amma lulluɓi ne a kan direban Windows. Mai katin waje ya saka direban ASIO na kamfanin katin, shi aka rubuta don wannan na'urar.

Mai gyaran kwamfuta:
In bafa tana 1024, mitar nauyi ba ta cika ba, amma ƙarar na nan, to wani direba ne ke riƙe furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, fiye da kima. Kunna manhajar LatencyMon na minti goma kana jin aikin, zai jera sunayensu. Direban Wi-Fi da na hoto sun fi fitowa. Sa tsarin wuta a High performance, kashe USB selective suspend, jona katin kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta mahaɗar USB ba. Tabbatar Windows da aikin suna kan awo ɗaya, kada wannan ya tsaya a 44.1 kHz wancan a 48 kHz. Kuma a fitar da foldar aiki daga OneDrive, domin yana iya riƙe fayil daidai lokacin da manhajar ke rubutu a cikinsa.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Malama, wata tambaya: in an sabunta fulogin amma manhajar tana nuna tsohuwar fa?

Malama mai ɗaukar murya:
Tsohon jerin da ta adana take karantawa. A Reaper shiga saitin VST ka goge jerin a sake bincike. A Ableton Live riƙe Alt ka danna Rescan, zai bincika komai daga farko. In har yanzu tsohuwar ce, akwai kwafi biyu a folda daban-daban, nemo tsohon ka cire shi.