Muhawara a zauren WhatsApp na garinmu kan Mauludin Islamiyya

Mahaifin ɗalibi: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi kan Mauludin daren jiya a Islamiyyar garinmu. Ɗana ya shafe mako uku yana haddace tarihin hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina, da kwana ukun da ya yi a kogon Saur tare da Sayyidina Abubakar, kullum bayan isha'i yana bita da hasken tocila. Amma sha'irai suka riƙe lasifika har man janareta ya ƙare, yara suka koma gida da takardunsu a hannu. Bikin nan ya fara rasa karatunsa.

Malamin makaranta: Kawu, ina roƙonka ka janye kalmar biki. Biki na aure ne da suna. Mauludi karatun sira ne da yabon Annabi, kuma tun kafin a haife mu ake karanta Ishiriniya a wannan gari duk watan Rabi'ul Awwal.

Ɗalibi daga Kano: Allah gafarta Malam, Kawu bai yi kuskure ba, biki ne, domin Sahabbai ba su yi shi ba, sai bayan ƙarnoni ya bayyana a Masar zamanin Faɗimiyawa.

Tela: An tambayi Manzon Allah game da azumin Litinin, ya ce ranar da aka haife shi ke nan, kuma hadisin yana cikin Muslim. Ƙanena, tun da ka tafi birni ka canza masallaci, babu abin da muke yi da yake yi maka daɗi.

Ɗalibi daga Kano: Yaya, azumi ya yi, bai tara jama'a ba. Kuma wanda ya ɗinka ankon yara duka ba zai zama alƙali a wannan magana ba.

Tela: Kuɗin ankon har yau rabi aka biya ni, kwamiti shaida ne.

Direba: Idan ana neman biki, a je Sallar Gani ta Gumel a ga hawan dawakai, ko Takutaha a Dutsen Dala. Namu karatu ne.

Mahaifin ɗalibi: Jama'a, ni maganar yaran da ba su samu karantawa ba nake yi.

Shugaban zaure: Na rufe wannan magana. Abin da ya bayyana shi ne mafi yawanmu mun yarda Mauludi karatu ne, kalmar biki ba ta dace ba, kuma hujjar azumin Litinin tana nan daram. Kawu, a yi haƙuri a janye kalmar. Batun kuɗin anko kuma kwamiti zai zauna da tela gobe bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa.