Musayar Waƙa: Garuruwan Sanyi Da Suka Raine Mu

Ɗan Bakin Teku:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da asubar nan hazo ya rufe Kaduna, na fito daga masallaci ban ga ƙarshen layinmu ba, sai na tsinci kaina ina jiran kukan ƙahon jiragen ruwa. A South Shields na tashi, bakin kogin Tyne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da Souter, hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A goye aka kai ni a 1968, lokacin da Baba ya je karatun injin jirgin ruwa, ba mu dawo ba sai 1980. Duk wanda ya yi ƙuruciya a can ya amsa mini. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya".

Da sunan Allah zan fara batu,
Mai raba yara a sassan duniya.

Salati ga Manzo, sannan in tuno
Garin da na fara koyon tafiya.

Gari na kwal da kifi da gishiri,
Nan kogin Tyne ya kai teku ya tsaya.

Idan hazo ya sauko cikin dare,
Ƙahon Souter ke gwada wa jirgi hanya.

Muna cikin bargo muna ƙirga kukan,
Ni da ƙanena, gadonmu ɗaya.

Da asuba mai madara ya iso,
Motar batir ce, ba ta hayaniya.

Kwalabe na jere a bakin ƙofa,
Tsuntsu ya huda murfi ba kunya.

Inna ta durƙusa gaban murhun kwal,
Tana tada wuta da jaridar jiya.

In fitila ta ɗauke tsakar karatu,
Mita ta cinye kuɗinta gaba ɗaya.

Baba ya laluba ya jefa sule,
Wuta ta dawo, duhu ya ja da baya.

Juma'a da yamma kifi da dankali,
Naɗe a jarida, da zafin suya.

Gishiri da ruwan tsami sun jiƙa ta,
Kafin gida mun cinye, babu ajiya.

Sauran baitocin na watan Yulin 1977 ne, da Muhammad Ali ya zo garinmu aka sa wa aurensa albarka a masallacin Al-Azhar na unguwar Laygate, masallacin da Yamanawan garin suka gina. Ina ɗan shekara 10.

Ranar da zakaran dambe ya zo,
Baba ya ɗora ni a kan wuya.

Na ga baƙin mutum a saman bas,
Turawa dubbai suna mai rakiya.

Tun daga ranar a filin makaranta
Ban sake sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya.

Wa ke da gari irin nawa ya faɗa?
Na aje alƙalami, ga tambaya.

'Yar Samaru:

Wa alaikumus salam, Yaya. Wallahi ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ƙauye na zauna, Silsoe a yankin Bedfordshire, inda kwalejin injiniyan noma take. Daga Samaru aka tura mahaifinmu a 1974, muka yi shekara 4.

Yaya, na karɓi tambayarka hannu biyu,
Nawa ƙauye ne, babban titinsa ɗaya.

Coci na dutse, da kanti mai alewa,
Gonakin alkama duk sun kewaya.

Da magariba in zuba madara a murfi,
In laɓe a lambu in jira bushiya.

In kaka ta yi mu bi shinge da kwano,
Tsinkar baƙaƙen 'ya'ya cikin ƙaya.

Baki ya rine, hannu ya sha karce,
Kamar a Samaru gindin magarya.

Maza su huda ƙwallon itace su sa zare,
A gwabza biyu sai an fasa ɗaya.

Akwai tsohuwa, Kaka muke ce mata,
Yaƙin Hitila ya raba ta da mai tsaya.

Mijinta ya tafi bai sake dawowa ba,
Hotonsa na kan murhu, a tsakiya.

Ta saƙa min jar rigar sanyi da hannunta,
Inna ta aike ni da tuwo da miya.

Yaji ya sa ta hawaye, ta share,
Ta miƙo kwanon tana ta godiya.

Yaya, ka tuna farin 1976? Har sai da gwamnati ta naɗa ministan fari, Denis Howell, ba a yi kwana nawa ba ruwa ya ɓarke a ƙarshen Agusta.

Shekarar fari ciyawa ta ƙone,
Ƙasa ta tsage kamar rani a Zariya.

Inna da ta san darajar guga guda,
Ta koya wa Kaka wanka da ƙwarya.

Ruwan da ya rage a kai wa tumatir,
Ko ɗigo ba a bari ya bi rariya.

Biyar ga Nuwamba mu cusa tsumma a wando,
Mu zaga da gunkin, kwabo muke tambaya.

Da dare a ɗora shi kan tarin itace,
Wuta ta tashi, mu yi ihu da murya.

Da na dawo na ga tashe cikin azumi,
Na ce na san wasan tun a Birtaniya.

Kawu Na Fagge:

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari, na karanta duka. Ni ban taɓa taka Ingila ba, amma ƙanena ya yi karatu a Landan a farkon shekarun 1960, kuma labarin da ya dawo da shi ba irin naku ba ne. Ba don in ɓata muku rai ba, abin ne ya daɗe yana damuna.

'Ya'yana, waƙa ta yi armashi,
Amma tsoho na son jin gaskiya.

Ƙanena ya bi layi yana neman ɗaki,
Ana ganin fuskarsa a juya baya.

An manna takarda a jikin taga,
Baƙar fata kar ya tsaya tambaya.

Ƙasar da ta kira ku da sunan raini,
Yaya kewarta ta kama zuciya?

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi,
Haka magabata suka ce, ba ƙarya.

Kafin ku yi wa garin wasu kuka,
Ku faɗa min ina aka yanke cibiya.

Autan Manningham:

Allah ya ƙara girma, Kawu. Ba zan musa ko kalma ɗaya daga abin da ya sami Baba ƙarami ba, mu ma mun ɗanɗana. Amma tambayarka ta ƙarshe a kaina ta faɗo. A Bradford aka haife ni a 1975, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne daga Kaduna da ya je ƙaro ilimin saƙa. A unguwar Manningham muka zauna har 1988.

Kawu, ka tambaya, ga amsa da ladabi,
Tawa a Bradford aka yanke cibiya.

An tare ni a lungu an tofa min yawu,
Tabon yana nan daram a zuciya.

Amma wanda ya shiga tsakani ranar,
Bature ne shi ma, ɗan maƙwabciya.

Ya sha duka a kaina, ya tashi da jini,
Ya ɗauko jakata ya yi min rakiya.

Garin na dutse ne, hayaƙi ya rina shi,
Gidaje a manne, baya da baya.

Dogon bututun masaƙar Lister na tsaye,
In yaro ya ɓata shi ke nuna hanya.

Azumina na farko a 1983 ne, ya faɗo a tsakiyar bazararsu.

Azumin fari na kama shi a watan Yuni,
Rana ta hau sama ta ƙi tafiya.

Tara da rabi ta wuce ba a sha ruwa ba,
Ina kan cinyar Inna don gajiya.

Masallacinmu gida ne aka fasa bango,
Sahu ga Fakistan, ga Nijeriya.

Matar liman ta aiko da samosa,
Inna ta rama da ƙosan da ta soya.

Akwai ranar da ba na iya tsallakewa. A 11 ga Mayun 1985 gobara ta tashi a filin ƙwallo na Valley Parade, tafiyar 'yan mintoci daga gidanmu. Mutum 56 suka rasu.

Hayaƙi ya rufe unguwa da rana tsaka,
Kowa ya buɗe ƙofa, babu tambaya.

Masu ƙuna sun cika mana falo,
Inna da ruwa, Baba na kan waya.

Wani dattijo ya riƙe hannuna yana rawa,
Yana kiran sunan ɗansa guda ɗaya.

Garin da na ga kukansa da idona,
Kawu, ta ina zan juya mai baya?

Ɗan Bakin Teku:

Auta, ka sa ni hawaye. Kawu, akwai abin da na ɓoye a baitocin farko, tunda ka tambaya zan faɗa. Na koma South Shields sau ɗaya, bayan shekara 30. Fitilar Souter ta daina aiki tun 1988, an rufe ramin kwal na Westoe a 1993, ƙofar da teku ta huda a jikin ƙaton dutsen Marsden, wadda muke leƙawa daga bakin ruwa, ma ta rufta a 1996. Amma ba su na je gani ba.

Kawu, Kaduna gida ce, ban musa ba,
Nan na yi aure, nan na aurar da ɗiya.

Na koma can na tarar an sāke gari,
Inda ramin kwal yake gidaje sun tsaya.

Mazan da ke fita da baƙar fuska,
Masu haƙa har ƙarƙashin maliya,

Babu su, babu ƙarar takalmansu,
Layinmu ya yi tsit, ba hayaniya.

Na tsaya ƙofar gidanmu ban buga ba,
Wata yarinya a taga ta waiwaya.

Ƙanen da muke ƙirga kukan ƙaho,
Sanyin wata shekara ya kama mai wuya.

Yana ɗan shida Allah ya karɓe shi,
Yamanawa suka yi mai wanka da rakiya.

Tsoffin matuƙa jirgi suka ɗau makara,
Cikin ƙanƙara, ba su nuna gajiya.

Yana nan kwance a tsakaninsu har yau,
Na share dutsensa na karanta Fatiha ɗaya.

In hazo ya sauko kamar na yau,
Can nake, Kawu, ko ina Nijeriya.

Kawu Na Fagge:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, ka yafe mini, ban sani ba.

Allah ya jiƙan yaro, ya sa mai ceto ne,
Ya haskaka kabarinsa, ya ba shi lafiya.

Waɗanda suka ɗau makararsa a ƙanƙara,
Allah ya saka musu gobe da aljanna ɗaya.

Ka faɗa mini sunansa ta waya, zan sa a yi masa addu'a a masallacinmu ran Juma'a.

'Yar Samaru:

Amin, Kawu. Yaya, Allah ya ƙara haƙuri. Tun ɗazu na tashi na buɗe akwatin Inna, ga abin da na samu.

Jar rigar nan tana nan ƙasan akwati,
Asu ya ci hannunta guda ɗaya.

Wasiƙun Kaka bakwai na ɗaure da zare,
Ta ƙarshe rubutun yana ta karkarwa a hanya.

Tana tambaya ko na yi tsawo,
Ko har yanzu Inna na sa yaji a miya.

Na ba ta amsa, na sake, na sake,
Wata ba ta zo ba daga Birtaniya.

Jikata ta gwada rigar yanzun nan,
Ta zauna mata daidai har wuya.