Yaya zan yi sabuwar haja ta rayu a cikin tsohon kamfani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan aiki.

An ɗora ni a kan wata ƙaramar tawaga a kamfaninmu, aka ce mu fito da sabuwar haja tun kafin kasuwar tsohuwar ta ja baya. Mun ƙera samfuri, wasu abokan ciniki sun gwada sun yaba. Daga nan komai ya tsaya cak.

Sashen kuɗi yana auna mu da ribar wata uku-uku, daidai da sashen da ya daɗe da kafuwa, alhali mu ko rarrafe ba mu fara ba. Masu talla kuma ba sa ɗaukar kayanmu, domin kamashonsu a kan tsohuwar hajar yake, tamu ma tana iya rage mata ciniki. Ban ga laifinsu ba, tsarin ne haka. Injiniyoyinmu aro ne, da aiki ya taso a can sai a janye su.

Abin yana hana ni barci idan na tuna Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Amurka. Injiniyansu Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital tun 1975, amma fim ɗin da ake sa wa kyamara ke kawo riba, ga shi a 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Shin in nemi a ware mu da kasafinmu, mu riƙa kai rahoto ga shugaba kai tsaye? Tsorona kada mu rasa hanyoyin rarraba kaya na kamfanin. In kuma zama za mu yi a ciki, wane ma'auni zan kai wa shugabanni a madadin riba wanda za su yarda da shi?