Pizzar Italiya, ta Amurka da ta manyan shaguna: ina bambancin yake?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu gasa pizza ne, da waɗanda suka ci ta a Italiya ko Amurka. Ana yawan cewa wadda muke saya a manyan shaguna ba ta asali ba ce. Ba wacce ta fi daɗi nake tambaya ba. So nake a warware min bambancin dalla-dalla: fulawar, wutar, cukun. Sannan me ya sa in an bi awon Italiyawa a obin ɗin gida sai ta fito da tauri kamar ƙanzo?

Mazaunin Napoli:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara gyara abu ɗaya: Italiya ba pizza iri ɗaya gare ta ba. Wadda ake nufi in an ce "ta asali" ita ce ta birnin Napoli, kuma ita tana da rubutacciyar ƙa'ida. Ƙungiyar kare pizzar Napoli ta asali, AVPN, da aka kafa a 1984 ce ke kula da ita, Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista a 2010, UNESCO kuma ta sa sana'ar masu gasa ta cikin al'adun duniya a 2017.

Kwaɓin abu huɗu ne kacal: ruwa, fulawa, gishiri, yis. Ba suga, ba mai. Da ruwa suke fara lissafi: ga lita 1, fulawa mai laushi da suke kira 00 kilo 1.6 zuwa 1.8, gishiri giram 40 zuwa 60, ɗanyen yis bai wuce giram 3 ba, lokacin zafi ma ƙasa da haka sosai. A bar shi ya tashi awa 8 zuwa 24. Kowane curi giram 200 zuwa 280, a buɗe shi da hannu daga tsakiya zuwa gefe don iskar da ke ciki ta koma baki. Ba a murza shi da sanda, in an murza bakin ba zai kumbura ba. Faɗinta ba ya wuce santimita 35.

Abin da ake ɗorawa kaɗan ne har sai baƙo ya ga kamar rowa aka yi masa. Wadda ake kira Margherita: tumatir giram 60 zuwa 80, ɗanye, an murƙushe shi da hannu da gishiri, ba a dafa ba, cukun mozzarella giram 80 zuwa 100, ganyen basil, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, sai ɗan man zaitun. Marinara ko cuku babu, tumatir ne da tafarnuwa da origano da mai.

Amma jigon maganar wuta ce. Tandar itace ce, ƙasanta digiri 380 zuwa 430 a ma'aunin Selsiyos, samanta wajen 485. Sakan 60 zuwa 90 ta gasu. Waje ya ɗauki ɗigo-ɗigon baƙi, ciki bai samu lokacin bushewa ba. Shi ya sa take da laushi, tsakiyarta da ɗan ruwa-ruwa, ana iya naɗe ta gida huɗu a takarda a ci a titi. A gidan abinci kowa da tasa guda, ba a yanka ba, da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci. Wanda ya zo neman mai ƙaras-ƙaras zai ce ba ta gasu ba, alhali haka ake son ta.

Mai gidan burodi:
Amsar tambayarka ta biyu tana cikin bayanin mazaunin Napoli. Obin ɗin gida yawanci wajen digiri 250 ne iyakarsa. Kwaɓin da aka tsara wa minti ɗaya da rabi sai ya yi minti 10 zuwa 12 kafin ya nuna alamar gasuwa, ruwan jikinsa duk ya tafi. Ba shi da suga da zai ba shi ja da wuri, ba shi da mai da zai riƙe masa laushi. Sai ya fito fari fat, ga tauri. Duk wanda ya san gurasar tanderu ya san wannan: zafin bangon ne ke gasa ta nan take ta fito da laushi, in ka sa kwaɓin a wuta mai sanyi sai ka samu busasshen abu.

Don haka kada ka kashe kuɗi neman fulawar 00 in ba ka da tandar da za ta kai digiri 400. Fulawar burodi ta fi dacewa da obin ɗinka.

Mai girki a Rum:
Ƙari kan maganar mazaunin Napoli. A birnin Rum akwai iri biyu, kuma duka sun saɓa wa Napoli. Ta zagaye siririya ce ƙwarai, ana sa mai a kwaɓinta, da yawa suna murza ta da sanda, tana karyewa a baki. Ɗayar ita ce al taglio: ana gasa ta a dogon tire mai kusurwa huɗu, ruwan kwaɓinta yakan kai kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin fulawa, yana kwana ɗaya ko biyu a firij, a obin ɗin lantarki ake gasawa. Da almakashi ake yanka maka, a auna a sikeli ka biya kuɗin nauyin. Ita ce ta Italiya da ta fi sauƙin yi a gida, don ba ta buƙatar wutar Napoli.

Mazaunin New York:
Ni zan ɗan kare ta Amurka, don ana haɗa ta da ta manyan shaguna a yi musu kuɗin goro. Italiyawan da suka yi ƙaura ne suka kawo ta; shagon Lombardi's na New York tun 1905 ake lissafa shi. Ba su samu itace da cukun gida yadda suka saba ba, sai suka koma tandar kwal, daga baya ta gas. Komai na kwaɓin sai ya bi sabuwar wutar.

Ta New York: fulawa mai ƙarfi, man girki kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin fulawa, suga kashi 1 zuwa 2, kwana ɗaya zuwa uku a firij. Faɗinta wajen santimita 45, obin digiri 260 zuwa 300, minti 6 zuwa 10. Cukun shi ne babban bambanci. Mozzarella ce da aka rage wa ruwa, danshinta kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari bisa ƙa'idar Amurka, tana narkewa ta rufe ko'ina tana ja kamar roba. In ka sa ɗanyar mozzarella irin ta Napoli ta yi minti 8 a wuta, ruwa za ta saki ya kwanta a tsakiya. Ana sayar da ita yanki-yanki, a sake ɗumama yankin a obin, ƙasan ya yi ƙarfi har ka naɗe shi biyu bai langaɓe ba.

Ta Chicago mai zurfi, wadda aka fara a Pizzeria Uno a 1943, wani abinci ne daban. A kasko mai zurfi ake yi, cuku a ƙasa, nama a tsakiya, tumatir a sama, saboda tana minti 30 zuwa 45 a wuta kuma cukun zai ƙone in yana sama. Ta Detroit, daga shagon Buddy's a 1946, mai kusurwa huɗu ce a tiren ƙarfe, ana kai cukun har bango ya soyu ya yi ƙanzo a gefe. Wannan ƙanzon shi ake nema.

Tsohon ma'aikacin shagon pizza:
Manyan shagunan kuma matsalar da suke warwarewa daban ce. Pizza Hut ta fara a birnin Wichita na Amurka a 1958, Domino's a jihar Michigan a 1960, ita Domino's kuma ta shigo Legas a 2012. Abin da irin waɗannan kamfanoni ke buƙata shi ne pizza ta fito iri ɗaya a kowane reshe, ko da wanda ya yi ta sati biyu ne da fara aiki, kuma ta yi minti 20 zuwa 30 a kwali ba ta lalace ba.

Ga yadda ake cim ma hakan. Sau da yawa ba a shagon ake kwaɓi ba, daga wata cibiya ake kawo shi a sanyaye, wasu a daskare. Miya da cuku da awo ake zubawa. Obin ɗin mai bel ne: ka ɗora ta wannan gefe, iska mai zafi wajen digiri 230 zuwa 260 tana busa ta sama da ƙasa, bayan minti 5 zuwa 7 ta fito ta ɗaya gefen. Ba mai juyawa, ba mai duba wuta. A wannan zafin dole a ƙara suga da mai don ta yi ja ta kuma jima da laushi. Miyar daga tumatir mai kauri ake haɗa ta, da suga da kayan ƙamshi, don kada ta jiƙa burodin a hanya.

Ta Napoli ba za ta jure kwali ba. Minti 10 tururi ya mayar da ita kamar roba. Ta manyan shaguna kuwa har washegari tana ciyuwa. Inda take gazawa shi ne ɗanɗanon burodin kansa, shi ya sa ake cika kaya a sama, a cusa cuku a baki, a ba ka miyar tsomawa. Domino's ta buɗe a Milan a 2015, zuwa 2022 ta rufe duka rassanta na Italiya.

Mazaunin Napoli:
Yallaɓai, na yarda da kai a batun kwali. Amma kada a ɗauka duk ta Italiya mai kyau ce. A wuraren 'yan yawon buɗe ido akwai masu gasa daskararriya. Alamar ta ƙwarai: ɗaga gefe ka duba ƙasa, ka ga ɗigon gasuwa ba baƙi ƙirin ba; danna bakin da yatsa ya dawo; in ka yaga shi ka ga manyan ramukan iska ba cunkusasshen ciki ba.

Hajiya mai koyar da girki:
'Ya'yana, akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ya fi komai muhimmanci gare mu. Pepperoni, wato yankakken sosej ɗin da ake jerawa a kan pizza, na Amurka ne, kuma a can yawanci naman alade ne haɗe da na shanu. A Italiya in ka ce peperoni tattasai za a kawo maka, amma in ka ga an rubuta diavola, prosciutto, salsiccia, speck ko capricciosa, duk akwai alade a ciki. Wasu gidajen burodi a can suna sa kitsen alade a kwaɓi, sunansa strutto, sai a tambaya. Margherita da marinara na Napoli ba nama ba kitse. Ta abarba da ake kira Hawaiian ma da naman alade aka san ta, kuma a Kanada aka ƙirƙiro ta a 1962. Ko a gida ku tambayi naman mene ne, kuma ku lura ko wuƙa ɗaya ake yanka duka da ita.

Ga awon da ke aiki a obin ɗin gida, na pizza uku masu faɗin santimita 30: fulawar burodi giram 500, ruwan sanyi giram 315, gishiri giram 10, suga giram 8, mai giram 15, busasshen yis giram 2. A murza minti 8 zuwa 10, a raba uku, a shafa mai a rufe, a sa a firij awa 24 zuwa 48. A fito da shi awa ɗaya zuwa biyu kafin gashi. Kwaɓi mai sanyi yana komawa in an ja shi. A sa dutsen gashi ko faffaɗan ƙarfe mai kauri a obin, a kunna shi iyakarsa minti 45 kafin a ɗora. Minti 7 zuwa 8 ta isa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To in wutar lantarki ba ta tsaya ba, ga zafin Afrilu? Kuma cukunmu na gida zai yi?

Hajiya mai koyar da girki:
Amin ɗana. In ba firij, rage yis ɗin zuwa rabin giram, wato ƙasa da kwatan ƙaramin cokali, ka kwaɓa da ruwan randa, ka ajiye a ɗaki mafi sanyi awa 6 zuwa 8. Ido za ka sa, ba agogo ba: da ya ninka biyu ya isa. In ya wuce zai yi tsami, ya baje, ya riƙa yagewa a hannu.

Cukun Fulani da ake daskarar da shi da tumfafiya ba ya narkewa, soyuwa yake. Za ka iya yanka shi ƙanana a matsayin kayan sama, amma ba zai maye gurbin mozzarella ba. Ka sayi ta dunƙule ka goga da kanka. Wadda aka riga aka goga an barbaɗa mata sitaci don kada ta manne, kuma ba ta narkewa sumul.

Mai gidan burodi:
Tumatirin ma a kula. Na gwangwani da Italiyawa ke nufi shi ne ɓararren tumatir guda-guda cikin ruwansa, ba mai kaurin nan da muke sa wa jalof ba. In ɗanye za ka yi amfani da shi, zaɓi dogon mai tsoka, ka tsoma a tafasasshen ruwa sakan 30, ka ɓare, ka cire 'ya'yan, ka bar shi a matsami minti 20 ruwan ya tsane. Babban cokali 4 zuwa 5 ya ishi pizza ɗaya. In ka yanka ka ga wani layi ɗanye mai danƙo a ƙarƙashin miyar, ɗaya cikin uku ne: miya ta yi yawa, ƙarfen bai yi zafi ba, ko ka bar ta da kaya a kai ta jima kafin ta shiga wuta. Albasa da tattasai da naman kaza a ɗan soya su tukuna, nama kuma a dafa shi, don minti 8 ba zai nuna shi ba.

Wanda obin ɗinsa ba ya zafi sosai ya ɗora kaskon ƙarfe a kan gas har ya fara hayaƙi, ya shimfiɗa kwaɓin a ciki, ya zuba miya da cuku yana kan wuta. Minti 2 ƙasan ya gasu, sai ya tura kaskon ƙarƙashin wutar sama ta obin minti 2 zuwa 3. A wannan hanyar ka cire sugan daga awon Hajiya, in ba haka ba ƙasan zai ƙone kafin bakin ya tashi.