Wai Televisa ta tashi daga hannun 'yan Meksiko?

Aminu Kurna: Jama'a ni fa na tsaya a kan maganata, Televisa, babban kamfanin talabijin na Meksiko, ta zama tarihi, Amurkawa sun saye ta tun 2022, sunan kawai ya rage. Kamfanin da ya fi kowa yin fina-finan soyayya masu dogon zango da Sifaniyanci a duniya, yau ga shi Univision, tashar Sifaniyanci ta Amurka, ta haɗiye shi.

Maman Ilham: Wai ba su ne masu Telemundo da muke kallo a DStv ba?

Aminu Kurna: A'a Hajiya, Telemundo ta NBC ce tun 2002, kishiyar Univision ce ma a Amurka, babu ruwanta da su.

Malam Habu: Aminu ka cika saurin yanke hukunci. Abin da aka yi shi ne Televisa ta ɗauki ɓangaren shirye-shiryenta ta haɗa da Univision a kan dala biliyan 4.8, an sanar a Afrilun 2021 aka kammala ƙarshen Janairun 2022, kuma ba duka aka ba ta a tsabar kuɗi ba, wajen biliyan 3 ne kuɗi hannu, mafi yawan sauran kuma hannun jari, shi ya sa ta tashi da kusan kashi 45 cikin ɗari na sabon kamfanin TelevisaUnivision, babu mai kason da ya kai nata. Wanda ya fi kowa kaso ne za ka ce an haɗiye?

Aminu Kurna: Malam 45 ba rinjaye ba ne ai. Sauran 55 ɗin fa? Har su Google da SoftBank sun zuba kuɗi a ciki, hedikwata kuma tana Amurka. Kamar ka sayar da shagonka ne a ce maka kar ka damu kana da kaso a riba, to makullin yana aljihun wa?

Malam Habu: To saurara. Lasisin tashoshin na Meksiko yana hannun Televisa har gobe, ga izzi mai ba da intanet da talabijin ta waya, ga Sky na tauraron ɗan adam wanda a 2024 ma suka saye kason AT&T ya zama nasu gaba ɗaya. Kuma abin da ba ka faɗa wa mutane ba, ita kanta Univision ɗin ai daga gidan Azcárraga, waɗanda suka kafa Televisa, ta fito. Kakan gidan, Emilio Azcárraga Vidaurreta, wanda ya buɗe rediyon XEW a 1930, da shi aka kafa Spanish International Network, wadda daga baya ta zama Univision, a farkon shekarun 1960 don masu jin Sifaniyanci a Amurka. Dokar Amurka ta hana baƙo mallakar tasha ce ta sa aka tilasta sayar da tashoshin bayan 1986, Hallmark masu katin gaisuwa suka saya, sannan a 1992 Televisa ta sake shigowa da kaso. Wato shekara da shekaru suna zagaye gidan suna neman ƙofar komawa.

Zainab S.: Ni duk wannan lissafin naku bai dame ni ba. Ƙarfin Televisa da ma ba a takardar hannun jari yake ba, a siyasa yake. Tun da aka haɗa tashoshi 2 da 4 da 5 a 1955, aka ƙara ta 8 a 1973 aka raɗa mata Televisa, kusan babu wata tashar 'yan kasuwa da ke ja da ita sai da TV Azteca ta zo a 1993. Ɗan Azcárraga Vidaurreta da ya gaje shi a kamfanin, wanda ake wa laƙabi da El Tigre, da bakinsa ya kira kansa sojan PRI, jam'iyyar da ta mulki ƙasar daga 1929 har 2000. Mutum ɗaya, Jacobo Zabludovsky, ya karanta musu labaran dare daga 1970 zuwa 1998, abin da ya faɗa shi ne labari. Wancan ƙarfin ne ya tafi, kuma ba Amurkawa suka ƙwace ba, waya ce da YouTube da Netflix.

Malam Habu: Ya ragu dai Zainabu, bai tafi ba. A 2012 ɗalibai suka fito zanga-zangar Yo Soy 132 suna zargin tashar da tallata Peña Nieto, ɗan takarar shugaban ƙasa na PRI, matarsa a lokacin ma jarumar fim ɗin Televisa ce, kuma ya ci zaɓen.

Zainab S.: Shekara nawa ke nan Malam? A 2014 hukumar sadarwar ƙasar ta ayyana ta a matsayin wadda ta yi babakere aka ɗora mata sharuɗɗa. Da tana da ƙarfin da, wa ya isa?

Aminu Kurna: Kuma ku ƙara da ƙwallo! Club América da suka saya a 1959, da filin Azteca inda aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970 da 1986, duk an cire su daga Televisa a 2024 an kai wani kamfani Ollamani, har da mujallu da gidajen caca na Play City.

Malam Habu: Waye ke riƙe da Ollamani ɗin? Jikan ne dai, Emilio Azcárraga Jean, wanda ya gaji uban a 1997 yana ɗan shekara 29. Daga aljihun dama zuwa na hagu.

Aminu Kurna: To ai ka dawo kan maganata, gidan Azcárraga yana nan da kuɗinsa, Televisa ce aka yanyanka.

Malam Habu: Ba haka ka ce da farko ba, cewa ka yi Amurkawa sun saye ta. Koma sama ka karanta.

Maman Ilham: Ni dai ku faɗa min, ViX ɗin nan, dandalin kallon fim ta intanet na TelevisaUnivision da aka buɗe a 2022, yana kamawa a nan ko sai da VPN?