Tambaya Kan Yawon Buɗe Ido a Tekun Svalbard

Baƙon Teku: Assalamu alaikum. Ina da niyyar zuwa tsibiran Svalbard na ƙasar Norway don ganin farin beyar na ƙanƙara. Shin ƙaramin jirgin ruwa ya fi babba, kuma wane lokaci ya dace?

Mazaunin Oslo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙaramin ya fi, domin tun daga 2025 jirgin da ya ɗauki fiye da fasinjoji 200 ba ya shiga yankunan da aka killace don kare muhalli, kuma can ne namun dajin suke. Doka ta hana kusantar beyar ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa Yuni kuwa mita 500 ne, saboda haka tabarau mai hangen nesa wajibi ne. Yawancin jirage suna tashi daga Longyearbyen, babban garin Svalbard, tsakanin Yuni da Agusta.

Uwar Biyu: Malam, ka nemi bizar Schengen (bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ciki har da Norway) mai shiga sau biyu, tunda Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, kuma ta babban yankin Norway za ka bi zuwa da dawowa. Kuma a mafi yawan wannan lokacin rana ba ta faɗuwa, don haka ka tuntuɓi malamai kan lokutan salla kafin tafiya.